Katangar da Na Rushe da Hannuna

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya sa albarka a nemanka, ya tsare mana kai. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida, Goggo ma ta zo ta kwana biyu ta koma.

Yaya, maganar lungun da ke tsakaninmu da tela maƙwabcinmu ce ta sa na ɗauki alƙalami, don bakina ya yi nauyi a waya. Ka san bara kotu ta ce lungun na Baba ne. Tun ba a je ko'ina ba Baba ya kira magini aka ja katanga, ta toshe ƙofar shagon bawan Allahn nan, alhali lauyanmu ya ce a dakata domin tela ya ɗaukaka ƙara. Baba ya ce lauyan tsoro gare shi. Ashe sauri ne zai haifi nawa.

Babbar kotu ta soke hukuncin. Ta ce alƙalin farko bai saurari shaidun tela ba, don haka ta mayar da shari'ar ƙaramar kotu, a sake ta daga tushe a gaban wani alƙali. Baba ya ɗauka daga inda aka tsaya za a ɗora. Sabon alƙalin ya yi masa bayani cikin ladabi cewa wancan hukunci yanzu tamkar ba a taɓa yin sa ba, kuma shi ba shi da ikon ja da abin da na sama suka yanke. Ya ce kafin ya saurari kowa, sai an mayar da lungun yadda yake a da. Baba ya miƙe zai yi magana, lauya ya ja masa riga ya zauna. Rabin unguwa na zaune a bayanmu, Yaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Magini ya ce aiki ya yi masa yawa, sai ni na ɗauki guduma, mutane na tsaye suna kallo. Ina cikin bugu tela ya fito ya ce kada in farfasa bulon, in cire a hankali, zai yi wa Baba amfani a wani wurin. Ya naɗe hannun riga ya kama mini. Da muka buɗe shagon, ashe ruwan sama ya riƙa taruwa a bayan katangar yana shiga ciki. Keken ɗinkinsa ya yi tsatsa, yadudduka sun yi funfuna. Sai kawai ya tsuguna yana goge keken da gefen rigarsa. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Yanzu an sa ranar jin shaidu, amma alƙali ya ce ƙofar sulhu a buɗe take. Tela ya aiko wa Inna cewa shi ba ya neman komai sai hanyar shagonsa, da kuma Baba ya riƙa amsa gaisuwarsa. Baba kuwa tun ranar bai leƙa ƙofar gida ba, abinci ma sai Inna ta matsa. Kai yake jin maganarka. Don Allah ka kira shi, ka nuna masa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan mutumin da ya fi mu tsawo.

Inna na gaishe ka, da Goggo da Kawu. Ka gaishe mini da Anti da Ɗan Baba, ka shafa mini kan jaririya. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Auta