Rasuwar Farfesa Elizabeth Japheth, Mai Binciken Mazaunin Harshe a Ƙwaƙwalwa

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Mahalicci, Ƙungiyar Masu Nazarin Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi ta Zazzau ta samu labarin rasuwar tsohuwar shugabarta kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Farfesa Elizabeth Martin Japheth, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talatar da ta gabata a gidanta da ke Hanwa, tana da shekara hamsin da tara, bayan jinyar ƙari a ƙwaƙwalwa.

Marigayiya Farfesa Elizabeth ta tashi a Samaru, a gidan malamin firamare, kuma ita da bakinta ta sha faɗa mana cewa a kasuwar Sabon Gari ta samo tambayar da ta yi wa hidima tsawon rayuwarta. Tana yarinya ake aikenta wurin wata mai sayar da atamfa, Mama Adenike, wadda kan yi wa 'yarta faɗa da Yarbanci, ta juyo ta yi ciniki da Hausa, ta kuma tsokani matar soja daga Basawa da Turancin buroka, duk ba tare da ta sarƙe ba. Abin da ya tsaya wa yarinyar a rai shi ne, a ina waɗannan harsuna suke zaune a cikin kai guda, kuma me ke hana su cakuɗewa? Da ta zama likita, ta kuma ƙware a ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI, wadda ke nuna fasalin ƙwaƙwalwa da kuma inda jini ya fi kwarara a lokacin da mutum yake tunani ko sauraro, sai ta dawo gida da wannan tambayar, ta riƙa gayyatar 'yan kasuwa, direbobi, ɗalibai da mawaƙan coci su kwanta a cikin na'urar don a ga abin da ke gudana.

Ƙungiya ba za ta manta da aikin da marigayiyar ta yi da mahaddata Alƙur'ani ba, wanda ta fara bayan ta taka da ƙafarta ta nemi izinin malamai. Na farko da ya amsa shi ne Alaramma Malam Muhammad Auwal na unguwar Jama'a, wanda kafin ya kwanta ya tambaye ta ko na'urar tana ganin abin da ke cikin zuciyar mutum. Ta ce, "Allah Ya gafarta Malam, jini kawai take gani. Abin da ke zuciya sai Mai ita." Ya yi dariya, ya cire agogo da zobe, ya kwanta ya yi tilawa a zuci. Bayan wasu shekaru Alaramma ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, maganar yau da kullum ta ɗauke masa har ruwa ba ya iya nema da baki, amma tilawa ba ta bar shi ba. Farfesa ta kwatanta tsohon hotonsa da sabo, ta ga wurin da ya lalace da wurin da ya tsira, ta kuma shawarci masu koya masa magana su fara daga abin da ya rage masa. A yau Alaramma yana gaisawa da baƙinsa, ko da yake a hankali. Ita kuwa marigayiyar ba ta taɓa yarda a ce ta gano sirrin hadda ba. Takan ce abin da ta gani ya ƙara mata tambayoyi ne kawai.

Da ciwon ya same ta, ita ta fara karanta hoton kanta, ta nuna wa ɗalibanta inda ƙarin yake a ɓangaren hagu, ta gaya musu abin da take zaton zai biyo baya. Turanci ya fara kuɓuce mata, daga baya Hausa ta yi nauyi a bakinta. A watanninta na ƙarshe sai ta koma magana da Jju, harshen mahaifiyarta 'yar ƙabilar Bajju, wanda rabonta da shi tun ƙuruciya, kuma maigidanta da 'ya'yanta ba sa jin sa. Iyalin suka tayar da mota zuwa kudancin Kaduna aka ɗauko ƙanwar mahaifiyarta, Mama Dinatu, kowa yana tsammanin wasiyya za ta bari. Mama Dinatu ta saurara, ta dubi mutanen ɗakin ta ce, "Wai cewa take yi me kuke jira, ku kai ta na'ura yanzu tun tana iya magana, ku ga ta ina wannan harshen yake fitowa." Da yardar maigidanta da likitocinta, an cika mata wannan buri.

A madadin shugaba, majalisar zartarwa da ɗaukacin mambobinta, ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga maigidan marigayiya, Injiniya Martin Japheth, da 'ya'yanta, Dokta Clara da Barista Stephanie, da Mama Dinatu, da ɗalibanta, da duk waɗanda suka amince suka kwanta a na'urarta. Ubangiji Ya ta'azantar da su, Ya ba su ƙarfin zuciyar jure wannan rashi, Ya ba ta hutawa ta har abada. Iyalin za su sanar da tsarin jana'iza, kuma ana karɓar gaisuwa a gidansu da ke Hanwa.

Hotunan ƙarshe na Farfesa suna hannun ɗalibanta, amma hoton mutum ɗaya bai isa a yanke hukunci a kansa ba. Don haka ƙungiya tana roƙon duk mai jin Jju da Hausa da Turanci a Samaru, Sabon Gari da kewaye, wanda zai iya ba da ɗan lokacinsa, ya tuntuɓi ofishinmu bayan an kammala makoki, domin a samu abin da za a kwatanta da nata.

Sa hannu:
Dokta Zubaidatu Hamza Basawa
Sakatariyar Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Masu Nazarin Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi ta Zazzau