Ɓarawon Buhu Na Huɗu

Zuru, 12 ga Disamba, 2006

Zuwa ga jikata Dakta Joyce,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya, ban da gwiwar kakarki Theresa da ke nan yadda kika bar ta.

Buhunan nan huɗu da kika aiko ta hannun Jabiru direba sun iso. Na cika su da waken bana, na matse iska, na ɗaure ledojin ciki biyu, kowace da ɗaurinta, kamar yadda kika zana. Da na ga sunanki a jikin buhu sai da na nemi wuri na zauna. Ni Haggai, da ban iya rubuta sunana ba sai bayan na bar soja na shiga ajin yamma na Malam Ezekiel, yau jinina ne ke haɗa leda!

Amma ina da ƙorafi. Kin ce ba za ki zo Kirsimeti ba saboda ƙungiyarku ta masana kimiyyar roba. Bara ma ita ce. Shekara takwas kina musu sakatariya, rubuta wannan, shirya taron can. Ni da na yi golmo a gonar mahaifin Theresa, noman shekara bakwai na yi aka ba ni mata. Ke me za su ba ki?

Kada ki ce in je shagon Obiora in kira ki a waya. Ban koyi rubutu da furfura don in koma ihu cikin ɗan akwati ba.

Ubangiji ya tsare ki.
Kakanki, Kofur Haggai (mai ritaya)

Zariya, 8 ga Janairu, 2007

Kaka,

Barka da sabuwar shekara, a gaishe mini da Mama Theresa.

Ka karanta wannan sau biyu. Shekara uku na yi ina gwada haɗin ledar nan don kada iska ta ratsa ta. Ƙwarin wake numfashi suke yi kamar mu; idan iskar ciki ta ƙare sai su mutu, ba sai an zuba magani ba. Ko sau ɗaya aka kwance, an ba su sabon rai.

A watan Yuni ƙungiya za ta turo mutum uku su kwance buhu da hannunsu a gidan manomi. Idan waken na da kyau, zan gabatar da aikin a taron shekara, su tsaya mini har masana'anta ta karɓa. Ita ce amaryar golmona, tsoho. Kada ka buɗe.

Taka, Joyce

Zuru, 20 ga Maris, 2007

Jikata,

Gaisuwa da fatan alheri. Labari biyu gare ni.

Na ɗaya, an sace buhu guda tun ƙarshen Janairu, rana tsaka, ina taron maza a coci. Ban gaya miki da wuri ba don ina bincike. Ina zargin maƙwabcinmu Philip, domin shi ya fi kowa tambaya a kan buhunan. Na kai ƙara wurin mai unguwa, yanzu ko gaisawa ba ma yi. Amma a raina na ce, har ɓarawo ya san aikin jikata.

Na biyu, ledarki na bukatar gyara. Akwai ƙwari a sauran ukun. Na san haka ne domin na ɗan leƙa. Ba buɗewa nake yi ba, Joyce, leƙawa ce. Fasto ya zo, zan ce masa ya kalli bayan buhu ya tafi? Abokan fanshona sun ce leda leda ce, irin ta ƙosai, dole na nuna musu kaurinta. Sai baƙi daga garin Danko da suka zo biki. Kowane lokaci nakan mayar da ɗauri da ƙarfin soja.

Ki ƙara wa haɗin wani abu.

Kakanki, Haggai

Zariya, 2 ga Afrilu, 2007

Kaka,

Ina gaisuwa, don Mama ta koya mini gaisuwa ko ina fushi.

Leƙawa! Sau nawa? Kada ma ka faɗa. Buhunan gwajin da na kai garin Mahuta ɓera ya huda su. Na Wasagu, mai gidan ya kwance ya ciyar da iyalinsa, ban ga laifinsa ba. Naka kaɗai suka rage, na kuma gaya wa shugaban ƙungiya cewa suna hannun tsohon soja mai bin umarni. Da bakina na faɗa, a gaban mutum goma sha biyu.

Ledata lafiyarta ƙalau. Abin da ban gwada ba shi ne ko za ta iya tsare wake daga kakana.

Ƙarshen wata zan rubuta musu kada su zo. Sai wata kakar, idan sun sake saurarona.

Joyce

Zuru, 11 ga Afrilu, 2007

Joyce,

Gaisuwa a gurguje. Kada ki rubuta musu komai! Na ba Jabiru wannan ya sa miki a hannu.

Wasiƙarki ta hana ni cin tuwo kwana biyu. A rana ta uku na karanta wa kakarki ita, tana tsince shinkafa ko ɗago kai ba ta yi ba. Da na gama sai ta ce, “To, sarkin nuni, ka gama kashe wa yarinya aiki?”

Na ce, “Da ɓarawon nan bai ɗauke guda ba...”

Ta ce, “Da ka leƙa shi ma. Ni ce ɓarawon.”

Joyce, shekara hamsin da ɗaya muna tare! Wai tun ranar da ta ga na kwance wa Fasto buhu na farko ta san inda za a ƙare. Ta sa Jabiru ya kai buhu na huɗu ɗakin ƙawarta Rahmatu mai waina, aka ɗora shi kan benci saboda ɓera, aka kulle. Na ce, “Kina kallo na kai Philip ƙara?” Ta ce, “Ai da kai da shi kun samu abin yi, kun bar ni na huta.”

Na je in ga buhun, Rahmatu ta tare ƙofa da ludayi. Wai an ce ko inuwata kada ta shiga. Ni da na yi gadin ma'ajiyar makamai! Ta taga na hango shi, ɗaurina na Disamba na nan yadda yake.

Jiya na je na ba Philip haƙuri. Ya sa na maimaita sau biyu, wai kunnensa ya yi nauyi.

Ki kawo mutanenki. Amma ku yi sauri, hannuna na ƙaiƙayi.

Kakanki, Haggai

Zuru, 29 ga Satumba, 2007

Jikata Dakta,

Gaisuwa da murna. Tun ranar da baƙinki suka zuba hannu cikin waken nan suka rasa ƙwaro ko ɗaya mai rai na san za a yi haka. Madalla da ƙungiya ta tsaya miki. Na janye rabin maganata a kansu, sauran rabin sai na gan ki ranar Kirsimeti.

Takardar taron da kika aiko ta iso, Malam Ezekiel ya fassara mini wurin godiya. “Theresa, wadda ta adana buhun gwaji.” To. “Kofur Haggai, wanda ya nuna abin da ke faruwa idan aka buɗe.” Kakarki ta yi dariya har gwiwarta ta motsa. Ni ban ga abin dariya ba, sunana ne da muƙamina, an buga da inji.

Ki aiko wata. Wannan ta yage wajen nunawa.

Ubangiji ya tsare ki.
Kakanki, Haggai