Ƙuri'ar Kawu Miloud a Hannuna

Talata, 7 ga Mayu

Ni, Mai Girma Ɗan Majalisar Turai mai wakiltar kwarin Nessadiou da shanunsa da kaskarsa, na buɗe wannan kundi a rana ta biyu ga azumi, domin in rubuta yadda zan gama da wani tsoho mai suna Miloud, yayan mahaifiyata. Da baƙin Larabci nake rubutawa, don haka ko ya faɗa hannunsa sai dai ya yi fifita da shi.

Laifinsa ga shi. Watan jiya, ranar sharar maƙabarta, an gama aiki ana cin kuskus da naman barewa, baƙi sun zo daga Nouméa, babban birnin tsibirinmu. Ya miƙo mini takarda a gaban kowa ya ce in karanta jawabin maraba. Ya san sarai tun ina shekara shida aka kai ni wajen dangi a Aljeriya, allo kawai na yi, Faransanci a baki nake jinsa ban da a takarda. Na miƙe na riƙe takardar na zuba jawabi daga kaina, har da tari irin na manya. Sai da aka tafa ya karɓe ta ya ɗaga sama. Takardar jikin jarkar maganin kaska ce.

Louisa ɗiyar mai gidan burodi tana wajen. Ta rufe baki da mayafi, amma kafaɗunta suna rawa.

Wai don na sa masa kaguwa a takalmi. Kaguwar ma ƙarama ce.

Alhamis, 9 ga Mayu

Yaran makaranta sun bi ni suna Farfesa, Farfesa. Na riƙe fuskar uku daga ciki.

Asabar, 11 ga Mayu

Allah mai iko. Bijimi ya matse Kawu da shinge ya karya masa ƙugu. Ban yi murna ba, ina azumi. Na dai kai wa bijimin ciyawa mai kyau.

Laraba, 15 ga Mayu

An dawo da shi gida, likita ya ce wata biyu ba tashi. Inna Zohra, matarsa, ta ce ba ciwon ne ke hana shi sukuni ba, zaɓen ashirin da shida ga wata ne. Na Majalisar Turai. Ƙasashe kusan talatin ke yinsa tare, mu ma an haɗa da mu daga nan ƙarshen teku tunda tsibirinmu a ƙarƙashin mulkin Turawa yake, kuma a duk kwarin nan ban san wanda ya damu da shi ba sai Kawu. Tunda ya isa jefa ƙuri'a bai taɓa fashi ba.

Dole ya naɗa wakili mai rajista a garin nan. 'Ya'yansa duk a Nouméa suke. Inna Zohra ta riga ta karɓi wakilcin yayarta, kuma doka ba ta yarda mutum ya riƙe biyu ba. Maƙwabta kuwa ba wanda bai yi faɗan siyasa da shi ba.

Saura wa? Saura Farfesa.

Juma'a, 17 ga Mayu

Jandarma ya zo har bakin gado da takardun. Kawu ya sa hannu bai ko dube ni ba. Da mutumin ya fita sai ya ce wa bango, wai da akwai jaki mai rajista da shi ya ba.

Na ce Allah ya ƙara sauƙi, Kawu.

Ga shirin. A wajen ƙirge, duk ambulan da aka samu shirme a ciki ɗaga shi ake yi a gaban jama'a, a faɗi abin da ke ciki, a jefar da ƙuri'ar. Na je rumbunsa na ɓare takardar jarkar maganin kaska, na ninke ta huɗu. Ta shiga ambulan daidai kamar don ita aka yi shi. Duk wanda ya ci kuskus ran nan zai gane ƙuri'ar wa aka binne.

Litinin, 20 ga Mayu

Takardu talatin da 'yan kai za a jera a tebur, kowane ɗan takara da tasa, sai mutum ya nemo wadda yake so ya sa a ambulan. Na ce ya nuna mini hoton mutuminsa kawai. Ya ce uku ne masu shuɗiyar takarda, duka ukun kuma kamar uwa ɗaya ta haife su, shi ba zai ba da ƙuri'arsa ga kamannin fuska ba. Sai na zo kullum bayan la'asar ya koya mini baƙaƙen sunan.

Ina zuwa. Mai shirin yaƙi ai sai ya san gidan abokin gaba.

Da sandar kora shanu yake nuna harafi daga kwance. In na yi kuskure ya buga ƙarfen gado ya ce, sake, Farfesa. Yau na kira harafi ɗaya da suna biyar da gangan har jijiyar wuyansa ta tashi. Inna Zohra ta leƙo ta ce mu biyun duk azuminmu na yara ne.

Laraba, 22 ga Mayu

Na karanta allon gidan burodi ni kaɗai. Ban shiga ba.

Juma'a, 24 ga Mayu

Ya sa na sauko masa da gwangwanin biskit daga saman kabad, a ciki katinsa na zaɓe yake. Ba ɗaya ba ne ashe. Tsofaffi ne fal, an ɗaure da roba, kowanne hatimi ya cinye bayansa. A ƙasa akwai wata takarda da ta koma launin shayi, ta kakansa, wanda aka kawo tsibirin nan daga Aljeriya a jirgi cikin sarƙa. Lamba ce a inda suna ya kamata ya zauna. Ya ce mutumin ya noma kwarin nan shekara arba'in ba wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayinsa ko a kan magudanar ruwa.

Na san dabara ce. Tsoho ne mai wayo, so yake in ji tausayi. Ban ji ba.

Shorbar Inna Zohra dai, romon da take yi na buɗe baki, ta yi daɗi.

Asabar, 25 ga Mayu

Na karanta sunan sau uku ba kuskure. Bai ce madalla ba. Na kai ƙofa ya kira ni.

"Tayeb. Jarkata ta rumbu tsirara take."

Na ce wataƙila ɓera ne.

"Ɓeran ya iya ninki. Ji nan, ɗan ƙanwata. Gobe in ka ja labulen nan ba mai ganinka, ni ma ban gani. Don haka aka yi shi. Ba zan roƙe ka ba."

Na tsaya ko zai ƙara wani abu game da ranar maƙabarta. Kalma ɗaya ma ta isa. Ya juya fuska ya ce in ja masa ƙofa.

To shi ke nan. Shi ya zaɓa.

Lahadi, 26 ga Mayu

Na je da hantsi. A makarantar firamare ne, masu aikin zaɓe sun fi masu zaɓen yawa. Madam Odile da ke riƙe da littafin sunaye ta ce a ba Farfesa kujera, karatun zai ɗauki lokaci. Louisa ce ke miƙa ambulan. Ta ba ni ɗaya ta ce ko ta taimaka mini da takardun. Na ce a'a.

Minti goma ina bin tebur da yatsa, ina haɗa baƙi kamar ranar da na fara allo. Wani tsoho a bayana ya ce ko hadda nake. Na same ta a ta ashirin da wani abu. Na ɗiba, na haɗa da wasu don kada a gane, na shiga na ja labule.

Ciki zafi. Takardar kaska tana aljihun wando, wandon kuma ya matse, ga hannuna cike da takardu. Dole sai na sauke komai a ƙasa kafin in iya zaro ta, labulen kuma bai kai ƙasa ba, ana ganin ƙafar mutum. Dalilin ke nan da na bar ta a aljihu na sa takardar mutuminsa a ambulan. Ba wani dalili.

Da na saki ambulan a akwati sai mai akwatin ya ɗaga murya ya ce Miloud ya jefa. Sunansa cikakke, har da na kakan.

Na sake zagayowa na jefa tawa.

Talata, 28 ga Mayu

Inna Zohra ta kai masa sakamakon rumfarmu. Mutumin da yake so ƙuri'a uku ya samu. Ya yi ta lissafi da yatsu: tasa, ta Zohra. Ta yayarta ba ciki, ita tun haihuwa wani ɓangaren take.

"Ta ukun ta wa?"

Na ce wa ya sani, wataƙila wani sakarai ne da ya sha wuya kafin ya karanta takarda ɗaya, ya ga ba zai iya fara wata ba.

Sannan ya ce gobe in zo da wuri, akwai haruffa tara da ban sani ba, kuma in mayar masa da takardar jarkarsa kafin wani ya shayar da shanu guba.

Zan je, saboda shorba. Fansa tana nan, ɗagawa na yi zuwa bayan sallah.

Kuma ba wani ɗan majalisa da ya rubuta kundin nan. Tayeb ne, ɗan Yamina, mai kiwon shanun kawunsa. Ga sunan a ƙasa da baƙin boko, karo na farko. Ya karkace, amma ana ganewa.