Farar Motar da Na Bayar Sadaka

Anti Dela, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke damuna ko ƙanwata na kasa faɗa wa, don na san dariya za ta yi.

Maigidana ya rasu wata biyar ke nan, na fita takaba. Direba ne, shekara ashirin da shida yana kai masu allurar shanu rugage, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, har inda hanya ta ƙare. Ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. Abinsa ɗaya ne, tara 'yan motocin wasa na ƙarfe, masu manyan tayoyi irin na shiga daji. Ya cika kabad mai gilashi da su, kowace Juma'a sai ya goge su da tsumma. Ni kuwa ba ranar da ban yi masa gori ba, mutum da furfurarsa. Murmushi kawai yake yi.

Ranar sadakar arba'in gida ya cika da yara. Na buɗe kabad ɗin na ga yawancinsu bibbiyu ne, ja biyu, kore biyu, fari biyu. Sai na ɗauki ɗaya daga kowace kala na raba wa yaran, na ce ladan ya kai masa. Ban ji komai ba.

Makon jiya amininsa, Malam Sama'ilu na Babura, wanda yake samo masa su a gwanjon Nijar, ya zo gaisuwa. Ya daɗe tsaye gaban kabad ɗin. Daga shi na ji cewa babu biyun da suke iri ɗaya. Wata sitiyarinta a dama, 'yar'uwarta a hagu. Wata safayar tayarta a gaba, wata a ƙofar baya. Farar da na bayar, mai tsani a baya, shekara tara marigayi yana nemanta, domin sak take da motar ofis ɗin da ya ɗauko ni da ita daga Gwiwa cikin ruwan Agusta, ina naƙudar 'yarmu ta fari, lokacin da babu motar da ta yarda ta shiga. Bai taɓa faɗa mini ba. Ko ya faɗa ban saurara ba, ban sani ba.

Anti, ko da na ji wannan ban yi kuka ba. Tun ranar jana'iza ban yi ba. Ina girki, ina amsa gaisuwa, abinci ba daɗi ba ɗaci. Na san gidan da motar take, jikokin maƙwabciyarmu Batulu na jan ta da zare a tsakar gida. In je in karɓo abin da na bayar sadaka? Da wane ido? Ga shi wan maigidana ya ce ma ba ni da ikon bayarwa tunda ba a raba gado ba. Shin akwai abin da ya lalace ne a zuciyata?

Daga wata baiwar Allah, Kazaure.

Baiwar Allah, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki dangana.

Wan mijinki yana da gaskiya. Ko allura mamaci ya bari, ta magada ce. Amma ke ba ɓarna kika nufa ba. Ki tara su, ki faɗa musu abin da kika yi, ki nemi su yafe, ki kuma roƙi a sa kabad ɗin a kasonki. In da sauran shakka, ku tambayi malamin da zai raba.

Kunyarki ma tana kan hanya, ƙwace kyauta daga hannun yara ba kyau. To kada ki ƙwace. Ɗaya farar tana nan, ko? Da izinin magada, ki ɗauke ta ki shiga wajen Batulu, ki gaya mata labarin ruwan Agusta kamar yadda kika gaya mini, ki nemi musanya. Bambancin da ya ɓace miki shekara da shekaru, yara ma bai dame su ba, sabuwa fes za su samu. Sauran ki bar musu, sadaka ta tafi. In kin tarar fenti ya goge ko tsanin ya karye, ki karɓe ta a haka.

Zuciyarki kuma ba ta lalace ba, ta yi sanyi ne, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ki daina cin abinci ke kaɗai, ki faɗa wa ƙanwar taki, ba za ta yi dariya ba. In barci ko ci ya ƙi har wata guda, ki ga likita.

Kin ce ba ki saurare shi ba. Amma wasiƙarki ta san inda sitiyari yake da inda safaya take. Ranar Juma'a ki ɗauki tsummansa, ki kira 'yarki ta fari, ki nuna mata motar da ta kawo ta. Allah ya sanyaya miki.

Anti Dela