Ba Wanda Ya Gaya Mini Inda Nike

Alhamis, 5 ga Agusta, 1993
Yau hannuna ya iya riƙe biro. Ina asibiti, Birnin Kebbi. Matata Laure ta ce tun Litinin nike nan. Abin da na tuna: ina Argungu gaban manoman shinkafa ina bayanin taki, sai kalmar taki ta ɓace mini. Na dubi fuskokinsu, ban san kowa ba. Daga nan sai hannaye. Hannaye ko'ina.
Sun ɗaure ni. Ni Sama'ila, malamin gona, da furfurata, anka ɗaure ga ƙarfen gado kamar ragon layya. Ga shatar bandeji ga wuyan hannuna.

Juma'a, 6 ga Agusta
Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai. Matata ya gaya wa, ba ni ba. Ina kwance gabansa idona biyu, yana ta "shi" da "nashi". Sai ka ce buhun albasa.

Asabar, 7 ga Agusta
Ɗakin gaggawa na dawo mini guntu-guntu. Wata murya: "Ya sha wani abu ne?" Ni da ko taba ban sha! Wani na haska mini tocila ga ido: "Mi as sunanka? Yau wace rana?" Amsar na bakin harshena, ta ƙi fita. Na ɗauka sace ni anka yi. Robar ƙarin ruwa kuwa maciji na gani. Na yi ta kururuwa, suna ta dannewa. Duk cikinsu ba wanda ya duƙo ya ce, nan asibiti ne, ba ka da lafiya. Nawa wannan zai ci musu?

Lahadi, 8 ga Agusta
Ebubechukwu maƙwabcina, mai kayan mota, ya zo dubiya. Ashe shi ya ɗauko ni daga Argungu. "Malam, ƙarfinka ya ba ni tsoro, sai da munka taru maka!" Yana dariya. Na juya fuska bango.

Laraba, 11 ga Agusta
Gida, unguwar Badariya. Yaya Inno ta zo daga Augie da ƙullin hayaƙi, wai iskan fadama ne. Na ce ta kai can.
Azahar na tafi masallaci, liman bai zo ba. Da ni ake turawa gaba. Yau sunka dubi juna, sunka tura Maliki tela. Kowa "sannu Malam, sannu Malam", da muryar lallashin jinjiri. Ban haukace ba. Zazzaɓi ne!

Litinin, 16 ga Agusta
Na ce zan rubuta ƙara ga shugaban asibiti. Laure ta aje tsintsiya. "Malam, ni na ce su ɗaure ka. Fizge allurar kake ta yi, jini har ga bango. In abin ya dawo, haka zan sake cewa." Sannan ta fashe da kuka ta shige ɗaki.
Ban ci tuwonta ba.

Talata, 17 ga Agusta
Na ci.

Alhamis, 26 ga Agusta
Na koma asibiti a duba ni. Ina kan benci anka shigo da wani dattijo, masunci daga Zauro, yana harbi da ƙafa yana kiran a cece shi. 'Ya'yansa na riƙe da shi, nas na neman jijiya, bandejin ɗauri na hannun wani. Na tambayi ɗansa sunan dattijon. Nu'uman.
Na duƙa saitin kunnensa. "Malam Nu'uman, nan asibiti ne. Ba ka da lafiya. Ga ɗanka nan riƙe da kai." Na yi ta maimaitawa. Ya tofa mini yawu ga riga. Bai daina harbi ba, sai dai ya damƙe yatsuna ya ƙi saki. Ni na danne masa hannu har allura ta shiga.
Ba don ma'aikatan asibitin na yi ba. Har yanzu ina cike da su.
Nas ta ce, "Baba, gobe ma za ka leƙo?" Na ce in na samu mota.