Ɗan Akuyan Talabijin da Injin Niƙana

Daga: Mai Niƙa,
Shago na ƙarshe, Layin 'Yan Hatsi.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Kasuwa.

Litinin, 9 ga Yuni.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DOKAR DA INJINIYA YA SA WA INJINA SABODA WASAN GEM

An hana ni kunna injin niƙana fiye da sau ɗaya a rana saboda wani ɗan akuya na cikin talabijin, kuma dokar ta jawo jini. Bayan gaisuwa da girmamawa, abin da ya sa na rubuto ke nan. Ban yi karatu mai nisa ba, a yi haƙuri da rubutuna, amma abin da zan faɗa da idona na gan shi.

1. Shagona da shagon gem, inda ake buga wasan talabijin, bango ɗaya ne, layin wutarmu ɗaya. Kowa ya san in injin niƙa zai tashi sai wuta ta yi ƙasa kamar ƙiftawar ido, sannan ta dawo. Haka muke zaune da Mai Gem tun da ya kama shagon, ko kallon banza bai taɓa haɗa mu ba. Lokacin da suke kashi na ɗaya na wasan nan yara ne kawai ke shiga, in ɗan akuyan ya mutu su yi dariya su sake.

2. A watan jiya aka kawo kashi na biyu. Na shiga da ƙafata don kada a ce ina zagin abin da ban sani ba. Ɗan akuya ne mai ɗankwali rawaya a wuya, yana tsalle daga wannan gajimare zuwa wancan yana tsintar lemo. Sama shuɗi, ƙasa kore shar, ruwa kamar ka sa hannu ka sha. Yanzu an yi masa ƙanwa mai tashi da lema, mutum biyu ke bugawa tare, in ɗaya ya faɗa rami ɗayan ya ciro shi. Ba zan yi ƙarya ba, abin yana kama ido. Amma, ranka ya daɗe, akuya ne. Ba ya ci, ba ya sha, ba shi da iyali. In ya mutu nan take yake tashi yana kaɗa jela.

3. Tun daga nan manya suka ture yara. Magidanta masu furfura a gemu, tela ya bar keke, mai nama ya bar tebur, suna ihu suna karkata jiki kamar su ne za su yi tsallen. Gaba-gaba a cikinsu shi ne ma'aikacinku mai kula da wutar kasuwa, wanda ake kira Injiniya, ko da yake ban san wanda ya ba shi sunan ba. An ce akwai wata ƙatuwar ƙaguwa a ƙarshen wasan da ta gagare shi, kuma in wuta ta yi ƙasa na'urar mutuwa take, sai su koma baya.

4. Ranar 12 ga Mayu ya shigo shagona fuska a murtuke, ya ce daga yau in tayar da inji sau ɗaya tak da safe kafin a buɗe shagon gem. In na kashe, to na kashe ke nan sai gobe, in kuwa na sake kunnawa zai cire mini fis ɗin wuta. Na nemi takarda daga ofishinku, ya ce bakinsa ne takardar. Na gaya masa a gaban mutane cewa injin niƙa yana shaƙewa, musamman in hatsin da danshi, kuma ƙa'idar aikinmu ita ce a kashe, a buɗe, a share, a sake tayarwa. Na ce masa wanda ya share inji yana gudu da hannunsa yake wasa. Ya ce in sa sanda. Mutumin da bai taɓa niƙa ko cikin cokali ba shi ke koya mini aikina.

5. Sau biyu ina kashewa don in share, sau biyu yana cire fis ɗin, mata suka ɗauke kwanukansu suka tafi wani layin. Na zo ofishinku, sakatare ya ce kuna taro. Daga baya na tarar da sakataren a shagon gem, shi ke riƙe da ƙanwar akuyan.

6. Ranar Alhamis, 5 ga Yuni, da hantsi, inji ya shaƙe, layi ya kai bakin titi. Ƙanena Auta, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai 'ya'ya huɗu, shi ke zuba hatsi. Ya dube ni, ya dubi makunni, ya dubi matan da ke jira. Bai kashe ba. Ya sa sanda, sandar ta karye, ya sa hannu. Na yi ta ihu a zo a taimaka, ba wanda ya ji, don a daidai lokacin Injiniya ya kashe ƙaguwarsa, shagon ya kaure da tafi. Wata dattijuwa mai jiran garinta ce ta ɗaure masa hannun da mayafinta.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon kwamiti ya soke wannan doka a rubuce, ya raba mini layin wuta da shagon gem, ya kuma kira Injiniya ya faɗa a gaban 'yan kasuwa wanda ya ba shi ikon yin ta. Ban ce a rufe shagon ba, Mai Gem abincinsa yake nema kamar ni. Amma ina roƙo kada a turo Injiniya ya kawo mini amsar wannan takarda, don ban yi alkawarin abin da zai faru ba in ya tako ƙofata.

Jiya likita ya gama nasa. Mun yi fatan a tsira da babban yatsa, bai yiwu ba. An yanke wa Auta hannun daga wuyan hannu, kuma na dama ne. Da na je dubiya na tarar matarsa na ba shi abinci a baki, yana ganina ya juya fuska bango.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci. Ina jiran amsarku.

Naku mai biyayya,
Mai Niƙa.