Ƙwaryar Inna a Ƙarƙashin Mashin

Assalamu alaikum Hajiya Bashira. Don Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi dariya, domin a kan ciyawa na rubuto miki.

Shekara uku ke nan da uwar mijina, Inna, ta dawo wurinmu nan Kontagora, bayan ɓarayin daji sun kore musu shanu a rugarsu ta wajen Kasuwan Garba, inda aka haifi maigidana. Abin da ta iso da shi ƙwaryar tatsarta ce kawai, sai wani dunƙulen ƙasa mai saiwar ciyawa ƙulle a bakin zane. Ta dasa a tsakar gida, gefen rijiya. Ni 'yar gari ce, a gidanmu ciyawa na leƙo kai sai fartanya. Allah Ya yafe mini, sau biyu ina tuge ta a ɓoye, wai gudun maciji. Ta ƙi mutuwa, har ta bazu ta kai faɗin tabarma uku.

Hajiya, da ma ki gan ta da sanyin safiya. Raɓa ta kwanta a kai, Inna ta cire takalmi ta tsaya a tsakiya, ido a lumshe, tana kiran shanunta da Fillanci ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar suna bayan katanga suna jin ta. Ni da ban taɓa kwana a ruga ba, ina wanke-wanke sai in ji ƙamshin nono da hayaƙin garke ya zo mini. Har na fara cire nawa takalmin in babu kowa.

To ga matsalar. Maigidana ɗan acaɓa ne, tsakanin nan da Mashegu yake jigila. Da a ƙofar gida yake ajiye mashin, sai aka sace na maƙwabcinmu da rana tsaka. Tun ranar yake shigo da nasa, kuma babu inda ya fi masa sauƙi sai kan ciyawar. Taya ta yi mata hanya, ƙafar mashin ta huda ta rami-rami, zafin salansa ya ƙone gefe guda, ga baƙin mai yana ɗiga. Na yi masa magana, ya yi dariya ya ce ciyawa ce fa, damina za ta dawo da ita.

Inna kuwa ba za ta taɓa faɗa masa ba. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kira, ballantana ta ce ya ɓata mata abu. Jiya da la'asar na fito na tarar ta tura ƙwaryar tatsarta ƙarƙashin injin tana tare man. Kafin ya fito ta janye ta ɓoye. Muka haɗa ido, ta girgiza mini kai. Wallahi sai da na shiga ɗaki na yi kuka. Kwana biyar ke nan ban ji ta kira shanunta ba. In na faɗa masa na saɓa mata, in na yi shiru ciyawar ta tafi. Yaya zan yi?

Surukar Inna, Kontagora

Wa'alaikumus salam 'yata. Ban yi dariya ba.

Mu fara yi wa mijinki adalci. Mashin ɗin nan shi ke ɗora tukunyar gidanku, kuma wanda ya ji tsoron ɓarawo bai yi laifi ba. Bai san abin da yake takawa ba ne. Ita ma Inna kada ki matsa mata ta yi magana, kunyar ɗan fari da ita ta tashi.

Aiki ya fi surutu. A samu wuri a jikin katanga a jera bulo ko faffaɗan dutse daidai tsawon mashin, da 'yar siririyar hanya daga zaure, ya riƙa kashe shi a ƙofa ya turo shi. A sa guntun katako a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya kai wa bakanike ya toshe yoyon. Ki nuna masa man da ke zuba asararsa ce, wannan yaren zai ji da wuri. Kada a wanke mashin kusa da ciyawar, ruwan sabulu na kashe ta. Inda mai ya jiƙa kuwa, damina ba za ta gyara ba. Sai an kwashe ƙasar wurin, a zuba sabuwa da busasshen kashin shanu, a tsinko jijiyoyi daga gefen da ke da rai a dasa. Dashen ki bar wa Inna, ta fi ni da ke sani.

Saura maganar ƙwarya. Ta girgiza miki kai ne don kada ɗanta ya ji kunya a gabanta. To kada ya ji a gabanta. Ki faɗa masa ku biyu, cikin sanyin murya, ki tuna masa daga inda dunƙulen ƙasar nan ya fito. A rugar nan aka haife shi, shi ma ya taka wannan ciyawar ba takalmi. Ba sai ya ba ta haƙuri da baki ba. Ya jera bulon da hannunsa, za ta gane.

Ƙwaryar ba za ta sake ɗaukar nono ba, mai ya riga ya shige ta. Ki goge ta da toka sosai ki mayar mata, ta riƙa ba ciyawar ruwa da ita.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare mashin da mai shi, Ya sa wata safiya kina wanke-wanke ki sake jin Inna tana kiran shanunta.

Hajiya Bashira